Kaset ɗin da Inna Ta Nema

Ina tsaye da ƙafa ɗaya a sama labarin ya iske ni. Bayan la'asar ne, a inuwar mangaza, ɗakin ajiyar da muke awon gyaɗa a Magariya. Bazara ta shigo, aiki ya ja baya, ni kuwa ina nuna wa abokan aikina yadda wani ɗan China ya hamɓare mutum uku a sinimar da na gani a Damagaram. Sai ga wani mutumin garinmu ya jingine kekensa, ya tsaya yana kallona har na sauke ƙafar. Tun asuba ya taso daga wajen Dungas. Ya ce, "Sai haƙuri. Yayanka ya cika jiya da hantsi, an riga an kai shi."

Sanƙarau ne. Kwana uku ya yi a kwance. Ban tuna abin da na ce ba. Na dai tuna na koma cikin mangaza na rufe littafin awo, na sake buɗe shi, na sake rufewa, har wani ya karɓe shi daga hannuna.

Gidanmu gidan makaɗa ne. Babanmu gangar noma yake kaɗawa, da ya rasu Yaya ya ɗauki gangar. Ni ma da ita zan tashi, sai aka aiko wa maigari ya ba da yara a kai lakwal, makarantar boko. A lokacin ba wanda yake son ba da ɗansa, saboda haka ƴaƴan makaɗa da na wanzamai aka fara nunawa. Haka na shiga. Na yi shekara shida, na iya rubutu da Faransanci gwargwado, na kuma koyi jin kunyar gidanmu. In mushe, malaminmu, ya tambayi sana'ar uba, noma nake cewa. Ba ƙarya ba ce, amma na san abin da na ɓoye.

Da na samu aiki a Magariya, in kaka ta yi nakan bi kamiyon, babbar motar buhuna, zuwa Damagaram, a can na san sinima. Ta Indiya ba ta dame ni ba, waƙa ta yi yawa, mutum yana tsaka da fushi sai ya kama rawa a kan dutse. Ta faɗa nake so. Zan faɗi gaskiya, har yau ban yarda da masu cewa shirme ce ba. Mutum ɗaya, ba bindiga, ba dangi, ba kumandan a bayansa, an zalunce shi ya je ya koyi abin da zai rama da shi, ya dawo ya rama. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban ofis da hula a hannu ya san abin da ya sa samari suke ihu a wurin. Ga shi kuma ƴan Chinan Faransanci ake sa musu a baki, ni nake fassara wa na kusa da ni. A can ina da daraja.

Kiɗan Yaya kuwa, a ganina na lokacin, abu ne da ba ya zuwa ko'ina. Kowace damina kirari ɗaya, manoma ɗaya, gonaki ɗaya. Na taɓa gaya masa haka. Ya yi dariya ya ce, "To ɗan lakwal, su mutanen naka da suke ta dukan juna, in sun gama wa yake cin abin da suka noma?"

Na ce ba noma suke ba, wasa ne.

Ya ce, "Ai na ji. Wanda aka kashe wancan watan, ka ce ka sake ganinsa wannan watan da sabon wando."

Bayan babban fari da ƴan shekaru na sayi manyeto a tsallaken iyaka, irin mai rediyo da kaset haɗe, mai cin fil, wato batir, guda shida. A daminar nan na je gida hutu, aka yi gayya a gonar wani dattijo. Yaya ne ya ce in zo da abin. Na bi shi a baya cikin gero, manyeto a kafaɗa, ya rataya gangarsa, abokin kiɗansa, wani tsoho da ya yi kiɗa da babanmu, yana riƙe da ƙaramar ganga. Samari sun jeru sun duƙa. Yaya yakan tsaya a bayan wanda ya fara sanyi, ya kira shi da kirarinsa, ya kira ubansa da gonar kakansa, sai ka ga bayan yaron ya sake lanƙwasa, ƙasa tana tashi. Na cika fuska ɗaya ta kaset, na juya, na kusa cika ta biyu.

Da yamma a ƙofar gida na kunna. Maƙwabta suka taru. Yaya bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ya riƙe haɓa yana saurare, can ya ce, "Ashe haka nake da hanci?" Aka yi ta dariya. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Da muryar ta tashi sai ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Ba wanda ya yi mamaki. Yaya ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa inda yake kiɗa ba, in ana yabonsa sai ta kau da kai. "Wancan" take ce masa, ko "ɗan'uwanka". Haka iyayenmu mata suke, ba ƙiyayya ba ce.

Kafin in koma, Yaya ya ce in adana kaset ɗin. Na nuna masa wani ɗan kunne da yake gindin kowane kaset, na ce in aka karya shi ba a iya ɗaukar wani abu a kai. Na karya a gabansa da tsinke.

Da kaka na je Damagaram. An kawo wata sinimar faɗa da kowa yake magana a kanta, abokaina na Magariya suka ce lalle in ɗauko musu sautinta, domin haka muka saba yi: a ɓoye manyeto cikin babbar riga, a ɗora a cinya, a dawo a kunna, mai gani yana ba da labari. Sai da na isa masauki na ga ban taho da sabon kaset ba. Butikin da na saba sayen kaset a rufe. Cikin jakata akwai na waƙoƙin da na aro, ba nawa ba, sai kuma na Yaya. Ban daɗe ina tunani ba. Na ce damina kowace shekara take zuwa, gayya ba ta ƙarewa, baɗi na sake ɗaukar wani, ita kuwa sinimar jibi za a tafi da ita. Na yagi takarda, na dunƙule, na cusa a ramin kunnen da na karya. Ina rubuta wannan dalla-dalla don kada a ce kuskuren yatsa ne. Sai da na nemi takarda.

Ranar sadakar bakwai ta Yaya, mutane sun ragu, Inna ta aika a kira ni. Tana zaune a bakin gadonta, ta rame. Na gaishe ta. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Auta, akwatin nan naka. Wancan yana ciki har yanzu?"

Na ce, "Yana ciki, Inna."

Ta ce, "In an yi arba'in ka zo da shi. Ban taɓa jin abin da yake cewa ba."

Na ce to.

Daren da na koma Magariya ban iya zama ba, washegari ma haka. Na ɗauko kaset ɗin na kunna tun daga farko, ko Allah zai sa wani abu ya tsira. Ihu ne, da ƙarar duka kamar ana bugun busasshiyar fata, da ƙarfe yana haɗuwa da ƙarfe, da tarin wani da ya zauna kusa da ni. A tsakiya har muryata na ji ina fassara wa wani. Na juya fuska ta biyu, haka. Sai can wajen ƙarshe, inda na kashe a sinima, aka yi ƙit, sai ga ganga. Bugu kaɗan ne, ana saukewa. Ana jin samari suna haki, wani yana neman ruwa. Sai muryar Yaya, kusa sosai, ba waƙa ba, magana: "Kai ɗan lakwal, ya isa haka, kashe kada fil ɗinka ya ƙare." Shi ke nan abin da ya rage.

Sai na tuna da mai kaset na bakin tasha. Bayan na dawo daga gayyar ya taɓa karɓa ya kwana biyu da shi, ya ce zai juya wa manoma masu son jin irin wannan. Na je da sassafe kafin ya gama jera kaya. Ya yi mini gaisuwar rasuwa, da na faɗi abin da ya kawo ni ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Wallahi malam, kiɗan gona ba ya tafiya. Wa zai sayi abin da yake ji kyauta a bayan gidansa? Biyu kawai na juya. Uwar da na juya na ajiye wa kaina kuma na ɗora mata Indiya tun kafin sallah."

Na ce, "Ka goge?"

Ya ce, "Kaset ai ba ya zama banza. Kowa haka yake yi."

Na so in yi fushi da shi, na rasa ta inda zan fara. A kan masu wannan sana'a ina da magana, kuma shekaru ba su canja ta ba. Murya a wurinsu kamar buhu ce, a zazzage gero a zuba gyaɗa. Ba sa rubuta sunan mai waƙa in ba wanda ya riga ya yi suna ba ne, ba sa tambayar ko yana raye. Na gidan rediyo ma da suke zuwa da manyan na'urori, ƙofar masu mulki da masu kuɗi suke tsayawa, su ɗauki mawaƙan da suke yabon su. Ban taɓa ganin motarsu a bakin gona ba. Mutumin da ya sa gari guda ya nome gonakinsa shekara ashirin, ba wanda ya ga ya isa a ajiye muryarsa. Wannan duk gaskiya ne. Amma a ranar, ina tsaye gaban teburinsa, na san bambancina da shi ɗaya ne: shi bai san Yaya ba.

Mai kaset ɗin ya ce ɗaya wani direban taksi mai bin hanyar Dancawo ya saya, ɗayan kuma wani manomi daga Waca, dogo, mai tsage a kumatu, wanda ya ce kakanninsa daga wajenmu suka taso.

Daga nan na daina zama wuri ɗaya. In na je aiki ba na jimawa, sai in ce ina zuwa. Kwana huɗu ina zarya a tasha kafin in gamu da direban. Yana ƙarƙashin motarsa, ya turo kai.

Ya ce, "Na gangar nan? Kai, ya yi mini amfani, in barci ya fara ɗaukata shi nake sawa. Fasinja dai ba sa so, wata hajiya ta ce in mun isa a ba ta fartanya."

Ya fito ya buɗe akwatin gaban mota, ya yi ta tono cikin tsummoki da ƙusoshi, ya zaro shi. Rana ta narkar da shi, ya lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe. Zaren ya manne wuri guda. Na karɓa duk da haka. Na kai wa mai gyaran rediyo, ya buɗe da wuƙa, ya ɗaga zaren ya gutsure a hannunsa. Ya ce in yi haƙuri.

Ranar kasuwar Waca na shiga taksi. Ban san sunan mutumin ba, sai dogo mai tsage. Na bi rumfunan hatsi, na bi ƴan awaki, na tambayi masu shayi. Wani ya tura ni wata unguwa, can aka tura ni wani ƙauye, na tafi a ƙasa cikin rairayi da rana tsaka. Na sami gidan. Wani ƙanensa ya fito ya ce ai ya tafi cin rani kudu tun bayan girbi, da rediyonsa da komai, bana ma ba su ji zai dawo noma ba, don ya sami aikin gadi. Wane gari? Ya ambaci biyu, bai tabbatar da ko ɗaya ba. Na rubuta takarda na bari, na ce in an sami mai zuwa a ba shi. Na sake komawa bayan mako guda, ban san abin da nake tsammani ba. Takardar tana nan soke a jikin danga.

Saura kwana tara arba'in wata dabara ta zo mini, daga sinima kuma na samo ta. Na taɓa jin cewa in jarumi zai faɗo daga bene, wani ne daban ake sa wa kayansa ya faɗo, masu kallo ba sa ganewa. Na sayi sabon kaset, na tafi garinmu ban shiga gida ba, na zarce wurin tsohon nan abokin kiɗan Yaya. Yana da ɗa da yake yi musu amshi, muryarsa tana kama da ta Yaya in ya ɗaga ta. Na sami tsohon yana gyaran tsarkiyar ganga a gindin itacen bedi. Na gaishe shi, na zauna, na gaya masa komai. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Sannan na ce ko za mu fita bayan gari, shi ya kaɗa, ɗansa ya yi kirarin, in tsaya nesa kaɗan don muryar ta dushe.

Bai ɗago ba. Ya ja tsarkiya da haƙori, ya tofar, ya ce, "Wato uwarka za ka yi wa sinima."

Na ce, "Baba, ba ta taɓa tsayawa ta ji shi ba. Ba za ta gane ba."

Sai ya ajiye gangar. Ya ce, "Kai yaro ne. Wa ya gaya maka ba ta ji? Duk gayyar da muka yi kusa da gari, sai ka ga ta fito neman itace a wannan gefen. Itacen da yake bayan gidanku bai ishe ta ba? Tun yana goye take jin numfashinsa. In ɗana ya buɗe baki, kafin ya kai ƙarshen kalma ta sani. Kuma ba za ta ce maka komai ba, wannan ne abin da ya fi muni."



Ya ce, "Ka ce akwai ɗan abin da ya rage. Kai mata shi. Ka ce Inna ga abin da na yi, ga abin da ya saura. Zagi ne, ba ta iya shi ba. Kuka ne, tana yi ko da kai ko ba kai."

Na ce zan yi. Da na tashi ya ce in kunna masa wurin. Na kunna. Ya saurara, ya ce in maimaita. Sannan ya ɗauki gangarsa ya juya mini baya.

Ranar arba'in na zo da manyeto, kaset ɗin yana aljihun rigata, na riga na juya shi daidai wurin. Aka yi addu'a, aka raba waina, baƙi suka watse. Inna ta kira ni ɗaki. Ta sa matar Yaya ta fita da yara, ta saki labulen ƙofa. Ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta sunkuyar da kai kamar mai jiran a fara karatu. Ban taɓa ganin ta shirya wa wani abu haka ba. Ta shirya jin yini guda na ɗanta, ni kuwa abin da yake aljihuna bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, kuma kafin a kai gare shi sai an bi ta bakina.

Na danna maɓalli ba kaset a ciki. Na buga gefen akwatin, na ciro fil na mayar. Na ce, "Inna, ya lalace a hanya. Rairayi ya shiga. Sai an kai Damagaram."

Ta ɗago ta dubi akwatin, ba ni ba. Ta ce, "To. In an gyara."

Ban ƙara shiga sinima ba sai bayan shekaru, ba don na tsane ta ba, sai don in aka fara duka kunnena yana neman abin da yake ƙarƙashi. Waca kuwa na yi ta komawa, har masu shayin tasha suka san ni, suna cewa ga mai neman dogo. Mutumin bai dawo ba. Daga baya aka ce ya kwashe iyalinsa.

Inna ta sake tambaya sau biyu. Sau ɗaya da damina ta faɗi, aka fara jin gangar wani daga gonakin yamma. Sau ɗaya kuma da ƙaramar sallah, ina ɗaure kaya zan koma. Duka biyun na ce ba a samu kayan gyara ba tukuna. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, in na zo sai ta tambayi aiki da lafiyar hanya. Duk zuwan da na yi da kaset ɗin nake zuwa, a juye daidai wurin, ina cewa wannan karon zan zauna in faɗa.

Ta rasu shekara uku bayan Yaya. Ban kunna mata ba, ban kuma gaya mata abin da na yi ba.